Kasuwar Tarauni da Ilmin da Ke Kan Faifai

Duk wanda ya yi sammako daga Babban Giji, bayan ya idar da sallar Asuba ya taɓa ɗan wuridinsa, ya nufi kasuwar Tarauni tun hantsi bai dubi ludayi ba, zai iske 'yan A-Daidaita-Sahu suna sauke buhuna da kwanduna a bakin rumfuna, 'yan dako suna ta kai da kawowa, masu kayan miya kuwa suna yayyafa wa alayyafo ruwa don kada ya yi yaushi kafin masu cefane su iso. Wannan kasuwa ba ta da daɗaɗɗen tarihi irin na Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Kasuwa ce ta unguwannin da suka bunƙasa a bayan ganuwa sa'ad da birni ya cika ya tumbatsa, ya malalo ta Titin Zariya da Titin Gidan Zu da Titin Maiduguri. Hatsinta daga Dawanau ake saro yawancinsa, kayan gwari daga 'Yankaba, lemo da ayaba daga 'Yan Lemo ta Na'ibawa, aikinta kuwa shi ne ta farfasa abin da aka saro da buhu ya koma kwano da gwangwani da kashi, gwargwadon ƙarfin aljihun magidanci.

Saboda haka ma'auni shi ne ginshiƙin al'amarinta. Buhun gero, wanda ake ƙiyasta shi kwano 40, ba ya fitar da riba sai ga wanda ya san hannunsa, kuma a nan ne ake gane mai tsoron Allah, domin tsakanin kwanon da aka yi wa tozo da wanda aka bubbuge gindinsa ya shige ciki akwai hakkin bayin Allah mai yawa. Dattawan 'yan awo da suka zauna gaban malamai suka karanta babin ciniki a Risala sun san abin da shari'a ta ce game da algus da garari, sun kuma san narkon da ya zo a Suratul Muɗaffifina a kan masu tauye mudu. Shi kansa mudu ai kalmar Larabci ce, da shi ake auna zakkar fid-da-kai, mudun Annabi huɗu a kan kowane mutum. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a ƙara, ya ce ya sallama, sa'an nan a nemi gyara.

Amma abin da ya fi jan hankalina, wanda kuma shi ne dalilin wannan rubutu, shi ne faifan mai kayan yaji, domin in mutum ya tsaya ya yi masa kallon basira zai ga tarihin fataucin ƙasar Hausa a baje a gabansa, ƙulli-ƙulli. Ga kanwa, wadda fatake suka riƙa ɗaukowa daga Barno da ƙasar Manga. Ga gishiri, wanda kakanninmu suka san shi kantu-kantu a bayan raƙuman Abzinawa daga Bilma. Ga kanumfari, wanda asalinsa can tsibiran Indonesiya ne, ga citta da masoro da kimba. Barkono da tumatir kuwa, waɗanda yau uwargida ba ta iya ɗora tukunya ba tare da su ba, baƙi ne da suka ƙetaro teku daga nahiyar Amurka, tare da masara da rogo da gyaɗa, ba su iso Afirka ba sai bayan shekarar 1492. Ita gyaɗar nan, da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ita ce ta zama dukiyar ƙasa, har aka yi ta gina dala da buhunanta, Alhasan Ɗantata ya shahara a cinikinta. Ga ta yau a kan tire ta zama ƙuli-ƙuli da tunkuza da mai a kwalba.

Wata Asabar ina tsaye gaban wata dattijuwa mai daddawa, wadda na daɗe ina ciniki da ita, sai ga wata budurwa da littafi a hannu, ashe ɗaliba ce a ɗaya daga makarantun koyon girki da suka yawaita a Gyaɗi-Gyaɗi da kewaye. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce, “Inna, an ce mu kawo daddawa, ni kuwa ban san mai kyau ba.” Tsohuwar ta ɗauki guda, baƙa wuluk mai maiƙo, ta ɓantare ta da babban yatsa, ta kai mata hanci, ta ce, “Sansana, 'yata. Wannan ta kalwa ce. Waccan mai haske ta waken suya ce, ta fi araha, amma ba ta riƙe miyar kuka.” Daga nan, ba tare da an roƙe ta ba, ta shiga bayyana mata yadda ake wuni ana dafa kalwa har ta yi laushi, a surfa ta a turmi ɓawon ya fita, a wanke, a sake dafawa, a zuba a kwando a lulluɓe da ganye kwana biyu ko uku har ta yi yauƙi warinta ya tashi, kana a shanya a kirɓa a mulmula. Ta ce in an yi gaggawar buɗewa an yi asarar itace, in an makara kuma ta zarce. Yarinyar tana ta rubutu, ni kuwa ina tunanin cewa wannan darasi, da ta samu a tsugune cikin abin da bai kai minti goma ba, babu shi a littafin da ke hannunta.

Haka abin yake a wajen masu kayan aikin gida, inda muciya da maburgi da ludayi da matankaɗi suke jere kusa da robobi da tukwanen dalma, ga tandar waina da madambaci, ga kurfoti da maƙera suka ƙera da tsohon ƙarfe. Kowane ɗayansu akwai gwanin da ya yi shi, wanda ya koya a gaban mahaifinsa ko maigidansa, shekara da shekaru, kuma akasarin waɗannan gwanaye sun manyanta.

Ba na ƙin makarantun zamani, hasali ma ina yi musu fatan alheri, domin mata da yawa sun sami abin rufin asiri ta hanyar kek da cincin da suka koya a cikinsu. Koyar da sana'a a aji ma ba bidi'a ba ce a Kano, tun da makarantar da Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa a 1909 tana da sashen da ake koyar da dukanci da ƙira da sassaƙa, gidansa kuwa har yau yana nan, Hukumar Tarihi da Al'adu tana kula da shi. Abin da nake roƙo shi ne masu waɗannan azuzuwa, da malaman Islamiyyun matan aure na Babban Giji da Darmanawa da Hotoro, da masu shirya bajekolin da ake yi kowace shekara a Titin Gidan Zu, su ɗauki irin wannan tsohuwa a matsayin malama, a shimfiɗa mata tabarma a gaban aji, a biya ta ladan karantarwa kamar kowa, a rubuta abin da ta faɗa da Hausa, yadda alkaki da nakiya da dambu da daddawar batso za su sami gurbi a manhaja.

Na faɗa mata wannan shawara ranar nan. Ta gyara lulluɓinta, ta ce in dai za a zo a ɗauke ta bayan La'asar, lokacin da ciniki ya lafa, kuma a tanadi kalwa kwano biyu da itace, to ba ta da ta cewa. Sa'an nan ta ƙulle mini daddawata a takarda, ta ɗora ɗaya gyara.