Maganin Hawan Jini da Motsa Jiki ga Mai Daɗaɗɗen Ciwon Huhu

Idan kuna fama da daɗaɗɗen ciwon huhu, wato asma, ko toshewar hanyoyin numfashi da hayaƙin taba ko na itacen girki ke haddasawa, ko tabon da tarin fuka ya bari bayan an warke, kun san yadda ƴar tafiya zuwa masallaci ko rijiya take zama babban aiki. Idan kuma aka ɗora ku a kan maganin hawan jini, wanda muke kira tansiyo, sai jiki ya sake hali: jiri in an miƙe, mutuwar ƙafafu, ko busasshen tari. Daga nan wasu su ajiye ƙwayoyin, wasu kuma su daina fita. Duka biyun hasara ce. Abin da ya dace shi ne ku san sunan maganin da kuke sha da abin da yake yi wa jiki lokacin aiki, sannan ku daidaita tafiyarku da abincinku da shi.

Me ya sa zama wuri ɗaya yake cutarwa?

Mai haki yakan guji tafiya, sai naman cinya da na sharaɓa ya zube. Tsokar da ta raunana tana saurin gajiya, tana kuma tilasta wa huhu ƙarin aiki, don haka hakin ya ƙaru, mutum ya ƙara zama. Motsa jiki ba ya mayar da huhun da ya lalace, amma yana koya wa tsoka yin aiki da ƴar iskar da take samu, yana buɗe ciki ga abinci, yana kuma sassauta hawan jini.

Sa'ad da kuke tafiya ko daka ko noma, abu uku ne ke faruwa: zuciya tana ƙara sauri, jijiyoyin jini suna buɗewa, jiki kuma yana zubar da ruwa da gishiri ta gumi. Kowane dangin maganin hawan jini yana taɓa ɗaya daga cikin ukun nan. Ku duba kwalin maganinku, domin ƙarshen sunan yakan nuna danginsa.

Masu rage bugun zuciya

Sunayensu sukan ƙare da "olol": propranolol, aténolol, bisoprolol. Suna riƙe zuciya kada ta yi gudu, saboda haka kuna iya gajiya da wuri alhali bugun bai hau sosai ba. Mai shan su kada ya auna ƙarfin aikinsa da ƙirga bugun zuciya, ya auna da numfashi. Propranolol yana iya tsuke hanyoyin iska, yana kuma dakushe aikin maganin shaƙa na salbutamol, wanda aka fi sani da Ventoline. Haɗari ne ga mai asma, don haka ku sanar da likita tun kafin ya rubuta magani. Bisoprolol da aténolol sun fi karkata ga zuciya, kuma masu toshewar numfashi da yawa suna shan su lafiya bisa kulawar likita. Kada a yanke shan ɗayansu farat ɗaya, domin zuciya tana iya zabura. Ga mai ciwon sukari, suna iya ɓoye faɗuwar gaba da rawar jiki da ke gargaɗin saukar sukari.

Masu sa fitsari

Hydrochlorothiazide da furosémide suna fitar da ruwa da gishiri ta fitsari, tare da wani sinadari mai suna potasiyom, wanda tsoka da zuciya ba sa aiki daidai sai da shi. Salbutamol da ƙwayar prednisolone, waɗanda masu ciwon huhu ke amfani da su, su ma suna rage shi. Idan suka haɗu da gumin bazara, a watannin Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40 a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, sai a ga murɗewar tsoka, kasala, jiri, ko bugun zuciya marar tsari. Rashin ruwa kuma yana kaurara majina, ta yi wuyar fita. Ku sha wannan magani da safe, ku riƙa kurɓar ruwa kafin aiki da bayansa, sai fa in likita ya ƙayyade muku ruwa saboda ciwon zuciya ko ƙoda. Kafin watan azumi, ku nemi a gyara muku lokacin sha.

Masu buɗe jijiyoyi

Captopril da énalapril, masu ƙarewa da "pril", ba sa hana zuciya gudu, amma suna sa busasshen tari ga kusan mutum ɗaya cikin goma. Mai ciwon huhu yakan ɗauka ciwonsa ne ya tashi, ya ƙara shaƙar magani ko ya bar tafiya. Ku faɗa wa likita ranar da tarin ya fara. Yana iya musanya maganin da losartan, wanda bai cika sa tari ba. Amma duk sabon tarin da ya wuce mako biyu, musamman da rama ko gumin dare, a gwada majina saboda tarin fuka. Waɗannan magunguna suna tara potasiyom a jiki maimakon zubar da shi, haka ma spironolactone, don haka kada a ƙara ƙwayarsa ba da izini ba. Mai ciki ba ta shan masu "pril" ko "sartan". In zawo ko amai ya kama mai shan su, ya je likita a ranar, domin ƙoda tana iya taɓuwa.

Amlodipine da nifédipine, masu ƙarewa da "dipine", ba sa tsuke hanyoyin numfashi. Illarsu ita ce kumburin idon sawu, ciwon kai da jin zafi a fuska. Kumburin ƙafa ga mai ciwon huhu yana iya zama alamar gajiyar zuciya, saboda haka a nuna shi, kada a yi masa fassara a gida.

Yadda za ku motsa jiki

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako. Ba a rana ɗaya ake kai wa nan ba. Ku fara da tafiyar minti biyar zuwa goma, sau biyu a yini, ku riƙa ƙarawa sannu a hankali.

Ma'auninku shi ne magana. In kuna iya amsa gaisuwa da cikakkiyar jimla kuna tafe, kuna daidai. In kalma ɗaya ɗaya take fita, ku sassauta. Ku shaƙi iska ta hanci kuna ƙirga biyu, ku fitar ta baki da leɓe a tsuke, kamar mai hura kunu, kuna ƙirga huɗu. Wajen jan guga ko ɗaga buhu kada ku riƙe numfashi, domin hakan yana cilla jini sama. Ku fitar da iska lokacin yunƙurin.

Bayan aiki jijiyoyi suna nan a buɗe, jini yana taruwa a ƙafafu, magani kuma yana ƙara saukar da shi. A nan ne ake yanke jiki a faɗi. Kada ku tsaya cak: ku rage sauri na minti biyar, ku zauna, sannan ku miƙe a hankali. A bazara ku fita da sassafe ko da la'asar sakaliya. Ranar da hazon hunturu ya yi kauri, ku yi tafiyar a cikin gida, nesa da hayaƙin murhu. Maganin shaƙa ya kasance a aljihu. Hawan jini yana farawa daga 14/9. In awo ya kai 18/11 kuna hutawa, ku bar motsa jiki har likita ya duba ku.

Abin da ke cikin kwano

Numfashi da wahala yana cin ƙarfi, cikakken ciki kuma yana danne huhu. Ku ci kaɗan kaɗan sau biyar ko shida, ku dakata awa ɗaya ko biyu bayan babban ci kafin tafiya. Tsoka tana ginuwa da wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, nono, ƙwai, kifi da nama. Mai shan maganin fitsari zai samu potasiyom a wake, dankali, tumatir, dabino da ganyen zogale. Gishiri kada ya kai giram 5 a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma a lissafa da na dunƙulen miya da kilishi da kanwa, domin kanwa ma tana ɗauke da sinadarin da ke cikin gishiri. Daddawa, albasa, tafarnuwa da citta suna ba miya ɗanɗano. Ku guji ƙwayoyin ciwon jiki na masu talla a kasuwa da tasha: diclofénac da ibuprofène suna hau da jini, suna rage ƙarfin maganinku, suna kuma tayar wa wasu asma.

Alamun da ba a jira da su

Ku tsaya nan take, a kai ku asibiti, in kun ji ciwo ko nauyi a ƙirji, ko hakin da hutu da maganin shaƙa ba su kwantar ba, ko suma, ko leɓe ya yi shuɗi, ko fuska da harshe sun kumbura, ko baki ya karkace, ko ɓarin jiki ya mutu.

Ranar da za ku koma awo, ku zuba dukan magungunanku a leda ɗaya: na hawan jini, na shaƙa, na ɗigawa a ido, na gargajiya da na kasuwa. Maganin ido na timolol dangin propranolol ne, yana kuma iya tsuke ƙirji. Ku faɗa wa likita nisan da kuke iya takawa kafin haki ya tsayar da ku, da abin da ya sake tun da kuka fara shan maganin. Da wannan bayani ne zai zaɓa muku wanda zai riƙe jininku ba tare da ya zaunar da ku ba. Allah ya ƙara lafiya.