Asarar Waɗanda Suka Riƙe Mubaya'ar Sarkin Ingila

Sa'ad da mazauna yankuna 13 na gabashin Amurka suka yi wa Sarkin Ingila tawaye a shekarar 1775, ba dukansu ne suka warware mubaya'a ba, domin an sami jama'a masu yawa, attajirai da talakawa, waɗanda suka ga cewa fita daga ɗa'ar sarki fitina ce, suka tsaya a kan alkawarinsu har yaƙi ya ƙare a 1783 da rinjayen masu tawaye. Tun kafin a ajiye makamai majalisun jihohi suka fara zartar da dokokin ƙwace dukiyarsu. A 1779 majalisar New York ta ambaci mutum 59 da sunayensu, ta kore su daga ƙasa, ta halatta wa hukuma gidajensu da gonakinsu, ba tare da an gurfanar da ko ɗaya gaban alƙali ba.

Cikin waɗannan akwai Frederick Philipse, wanda gandunsa a bakin kogin Hudson ya kai wajen eka 52,000, wanda kuma aka yanyanka ƙasar tasa aka sayar, da yawa ga manoman da a da suke biyansa kuɗin haya, shi kuwa ya rasu a Ingila. Amma labarin da ya fi sosa mini zuciya shi ne na Grace Galloway ta birnin Philadelphia, wadda mijinta ya bi rundunar Ingila ya tafi da 'yarsu, ita kuwa ta zauna domin ta tsare wa 'yarta gadon da ta samu daga mahaifinta. Sai dai shari'arsu a wancan zamani ta sanya dukiyar mace a hannun mijinta, saɓanin abin da muka sani a fiƙihu, saboda haka laifin miji ya cinye haƙƙin mata, aka fitar da ita daga gidanta da ƙarfi a 1778, ta rasu a 1782 ba ta sake ganin 'yarta ba.

Yarjejeniyar sulhu ta Paris ba ta share musu hawaye ba, gama abin da aka rubuta kawai shi ne majalisar tarayya za ta roƙi jihohi su mayar da dukiyar, jihohi kuwa galibi suka yi kunnen uwar shegu. Kimanin mutum 60,000 suka yi ƙaura, mafi yawansu zuwa Kanada. Majalisar Ingila ta kafa kwamitin diyya a 1783, aka kawo masa da'awa fiye da 3,000 ta kuɗi wajen fam miliyan 10, ya biya kusan fam miliyan 3.

A nan ne, a ganina, babban zaluncin yake, domin kwamitin ya nemi bayyina, wato takardar mallaka da shaidu, abin da attajiri mai lauya a Landan yake iya kawowa cikin sauƙi, alhali ƙaramin manomin da ya gudu cikin dare, aka ƙone gidansa da takardunsa, ba shi da abin nunawa sai rantsuwa. Baƙaƙen fata kuwa, kimanin 3,000, waɗanda suka tsere daga bauta suka bi Ingila bisa alkawarin 'yanci, aka kai su Nova Scotia, sun daɗe suna jiran gonakin da aka ce za a ba su, waɗanda suka samu ma ƙanana ne a kan duwatsu, har dai a 1792 kusan 1,200 daga cikinsu suka haƙura da ƙasar, suka shiga jiragen ruwa zuwa Saliyo, inda suka kafa birnin Freetown.