Laburare a Aljihu, Makulli a Hannun Kamfani

A ranar 15 ga Yuni, 2018, kamfanin BibleWorks da ke Norfolk a jihar Virginia ta Amurka ya rufe kasuwanci bayan shekara 26 yana aiki. Manhajarsa ta yi suna a wajen malaman tauhidi masu karanta Littafi Mai Tsarki da Ibrananci da Helenanci. Ba a ƙwace wa kowa komai ba. Wanda ya riga ya sa ta a kwamfutarsa ya ci gaba da aiki da ita. Sai dai babu sabon bugu da zai sake fitowa, kuma ƙamusoshin da mutane suka biya kuɗi suka saya a cikinta ba sa buɗewa a wata manhaja. Daga ranar, tsawon ran wannan laburare ya rataya ne a kan tsawon lokacin da kwamfutoci za su ci gaba da karɓar tsohuwar manhaja.

Wannan lamari ya tono tambayar da fastoci da ɗaliban makarantun tauhidi suka daɗe suna kau da kai daga gare ta: in mutum ya tara littattafai dubu a manhaja, me ya mallaka?

Da fari amsar ba ta da wuya. Lokacin da Bob Pritchett da Kiernon Reiniger, tsofaffin ma'aikatan Microsoft, suka kafa Logos a 1992 tare da Dale, mahaifin Bob, a faifai ake sayar da littattafan. Faifan yana hannun mai saye, kwamfutar tana kan teburinsa. Wayar hannu ce ta birkita lissafin. Olive Tree ya sa Littafi Mai Tsarki a na'urorin aljihu na Palm tun ƙarshen shekarun 1990, sannan YouVersion ta fito a 2008 cikin manhajojin farko na kasuwar Apple. Da mutum ya zama mai kwamfuta a ofis, waya a aljihu, da allon hannu a kan mumbari, laburarensa ba zai iya zama a na'ura guda ba. Sai ya koma cikin asusu, asusun kuma yana zaune a rumbun kamfani.

Amfanin a fili yake, kuma rashin adalci ne a raina shi. Fasto ya fara shirya wa'azi a kwamfuta da safe, ya ja layi a ƙarƙashin wata aya, da yamma ya buɗe wayarsa a mota ya tarar da layin yana nan. In ɓarawo ya ɗauke wayar, littafi ko ɗaya bai ɓata ba. Gara ba ta cin irin wannan laburare, rufin ɗaki in ya yi yoyo bai shafe shi ba.

Amma abin da ya sa manhajojin nan suke da daraja shi ne kuma ya ɗaure mai saye. Littafin Logos ko na manhajar Accordance ba shafi ne kawai da aka ɗauka hoto ba. An bi kowace aya da aka ambata a cikinsa an haɗa ta da nassin, an bi kalmomin Helenanci an lika musu bayanin nahawu, ta yadda in an taɓa kalma ɗaya ƙamus zai buɗe a daidai wurin, littattafan sharhi kuma su jeru a kan ayar. Wannan aiki yana cin kuɗi da lokaci, kowane kamfani kuma da salon da yake yin nasa. Shi ya sa sharhin da aka saya a Logos ba ya buɗewa a Accordance ko Olive Tree, ko da marubuci ɗaya ne, mawallafi ɗaya. Mai son sauya sheƙa sai ya sake saye. Masu wallafa littattafai ma ba su ƙi hakan ba, domin makullin yana hana a kwafe sharhi mai juzu'i talatin a raba wa ajin ɗalibai cikin minti biyu.

Ga kuma lissafin kasuwa. Shekaru da yawa Logos yana fitar da sabon bugu kusan duk shekara biyu: na 8 a 2018, na 9 a 2020, na 10 a 2022. Kuɗi ya shigo da yawa lokaci guda, sannan a zauna jira. A watan Oktoba na 2024 kamfanin ya koma tsarin biyan kuɗi na wata-wata ko shekara-shekara, hawa uku. Ya ce littattafan da aka riga aka saya suna nan ga mai su, sababbin kayan aikin bincike ne suka koma haya. A takarda rabon ya yi kyau. A aikace kuwa, mutane da yawa ba don littattafan kaɗai suka zuba kuɗi ba, sai don abin da manhajar ke iya yi da su.

Kasuwar kanta tsukewa take yi. Manhajar QuickVerse, wadda ta yi tashe a shekarun 1990, ta shige hannun WORDsearch. WORDsearch ta koma hannun kamfanin LifeWay, a 2020 kuma Faithlife, uwar kamfanin Logos, ta saye ta. An mayar wa masu amfani da ita yawancin littattafansu cikin Logos ba tare da sabon biya ba. Sun yi sa'a, domin akwai mai saye, kuma yana son ya riƙe su. Masu amfani da BibleWorks ba su sami wanda ya gaje su haka ba.

Fargabar tana da tushe ko a wajen fagen addini. A watan Yuli na 2009 Amazon ya shiga na'urorin Kindle na mutane daga nesa ya goge littattafan George Orwell biyu da suka saya, saboda wanda ya sa su a kasuwar ba shi da iznin sayarwa. An mayar da kuɗi, shugaban Amazon na lokacin, Jeff Bezos, ya ba da haƙuri. A 2019 Microsoft ya rufe shagonsa na littattafan intanet, littattafan da aka saya suka daina buɗewa, shi ma ya mayar da kuɗi.

Doka ba ta tsaya wa mai saye sosai ba. A Amurka, tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1908, wanda ya sayi littafin takarda yana da ikon sayar da shi, ko ba da aronsa, ko barinsa gado. Wannan iko bai biyo littafi zuwa cikin waya ba, domin abin da aka saya a can lasisi ne. A 2019 kotun Tarayyar Turai, a shari'ar Tom Kabinet, ta ce ba a sake sayar da littafin intanet da sunan na hannu sai da yardar mai haƙƙin mallaka. Jihar Kalifoniya ta kafa dokar da ta fara aiki a farkon 2025, wadda ta hana shaguna rubuta kalmar saye a kan irin wannan kaya sai sun bayyana cewa lasisi ne. Dokar ta tilasta a faɗi gaskiya, amma ba ta ba kowa mallaka ba. Logos, a yi masa adalci, yana yarda a mayar da lasisi ga wani mutum bisa sharuɗɗansa. Alfarma ce ta kamfani, kamfani kuwa yana iya sauya hannu.

Akwai wani ɓangare da ya fi taɓa masu wa'azi: nassin kansa yana iya sauyawa a hannun mai karatu. Da aka sabunta fassarar Turanci ta NIV a 2011, an janye bugun 1984 daga kasuwa, ya kuma ɓace daga manyan manhajojin karatu na kyauta. Wanda ya haddace ayoyi da tsohuwar fassarar sai ya nemo tsohon kwafinsa na takarda. A 2016 Crossway, mai wallafa fassarar Turanci ta ESV, ya shelanta cewa nassinta ya tsaya ke nan har abada, bayan makonni kaɗan ya janye maganar.

Ga ɗalibin tauhidi a Bukuru ko Kagoro, dukan wannan yana zuwa ne da farashin dala. Kafin a saki naira a watan Yuni na 2023, dala tana ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati. A farkon 2024 ta haura 1,500. Abin da aka saya sau ɗaya an gama da shi. Haya kuwa tashi take yi duk sanda naira ta faɗi.

Hanya ta biyu tana nan, wato ta kayan kyauta. Rick Meyers yana ba da manhajar e-Sword kyauta tun 2000, ƙungiyar CrossWire kuma tana da tsarin SWORD wanda manhajoji da dama ke iya buɗe littattafansa. Ƙungiyar Biblica ta saki fassararta ta Hausa, Sabon Rai Don Kowa, ƙarƙashin buɗaɗɗen lasisi, wato kowa na iya kwafa ya raba bisa ƙa'idar lasisin. Wannan babban sauyi ne ga harshen da ya sami cikakken Littafi Mai Tsarki tun 1932. Sai dai kantocin kyauta yawanci cike suke da tsofaffin ayyukan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare, irin su sharhin Matthew Henry, wanda ya rasu a 1714, da jadawalin kalmomin James Strong na 1890. Sababbin ƙamusoshi da sharhohin da malamai ke buƙatar ɗalibi ya ambata a kundin kammala karatu suna can cikin manhajojin biya.