Shaidar mai masauki bisa baƙon da ya bar ɓarna

A shekara ta 2007, wasu samari 2 na birnin San Faransisko, cikin ƙasar Amurka, Brian Chesky da Joe Gebbia, sun rasa kuɗin biyan hayar gidansu. A lokacin kuwa ana wani babban taro cikin garin, otel-otel duk sun cika. Sai suka shimfiɗa katifu 3 irin na hurawa, suka sauki baƙi 3, suka karɓi kuɗin kwana. Tushen kamfanin Airbnb ke nan, wanda aka kafa a 2008. Yau yana aiki cikin ƙasashe da yankuna fiye da 220. Mai ɗaki ko gidan da ba kowa ciki sai ya sa hotonsa a intanet, matafiyi ya gani ya biya, ya zo ya yi kwana 2 ko sati guda, ya wuce.

Saukar baƙi a matsayin sana'a ba sabon abu ba ne ga Bahaushe. Fatake sun san fatoma tun zamanin ayari. A Sabo ta Ibadan, mai gida shi ke saukar da masu shanu da suka zo daga arewa, shi ke sanin mahaucin da ke biyan bashi da wanda ba ya biya, kuma maganarsa ita ce jarinsa. Amma mai gidan Sabo ya san baƙonsa, ya san garin da ya fito. Mai masauki na intanet kuwa yana miƙa makullin gidansa ga mutumin da bai taɓa gani ba. Abin da yake dogara gare shi guda ne, wato shaidar da masu masaukin baya suka rubuta bisa wannan mutum. Saboda haka tambayar da ke damun masu wannan sana'a ita ce: in baƙo ya bar gida kaca-kaca, ko ya hana maƙwabta barci, mi ya kamata a rubuta?

Yadda tsarin yake

Bayan baƙo ya tashi, kowane ɓangare yana da kwana 14 na rubuta shaida. Baƙo ya faɗi yadda ya tarar da gida, mai gida ya faɗi yadda ya ga baƙo. Ana aunawa da taurari, daga 1 zuwa 5. Mai gida yana auna baƙo bisa abu 3: tsabta, bin dokokin gida, da yadda yake amsa magana. Ana kuma tambayarsa ko zai yarda ya sake saukar da shi. Akwai wurin rubutun da kowa zai gani, akwai kuma wurin saƙon da baƙon kaɗai ke karantawa. Tun 2014, ba wanda ke ganin rubutun ɗan'uwansa sai dukansu sun rubuta, ko kwana 14 sun cika. An yi haka ne don kada wani ya karanta suka, ya ɗauki alƙalami ya rama.

Mi ya sa ake ɓoye gaskiya

Duk da wannan dabara, yabo ya fi yawa. A 2015, masu bincike na jami'ar Boston sun duba gidaje fiye da dubu 600 na Airbnb, suka tarar kusan 95 cikin 100 suna da taurari 4 da rabi ko 5. Wannan lissafi na gidaje ne, amma yana gwada halin wurin: in kowa na ƙwarai ne, ba a gane na ƙwarai.

Dalili na farko kunya ce. Mutumin da aka gaisa da shi, aka gwada masa ɗaki, da wuya a kushe shi a bainar jama'a. Dalili na biyu tsoro ne. Mai gida ba ya samun lambar babban mai masauki sai taurarinsa sun kai 4,8, kuma suka ɗaya ta baƙon da ya ji haushi tana iya sauke shi. Shi ya sa wasu ke jira sai ranar ƙarshe kafin su rubuta, wasu kuma su ja bakinsu su yi shiru. Hausawa na cewa shiru ma magana ce, amma a nan mai gida na gaba ba ya jin ta. Zai ga suna ba tabo, ya buɗe ƙofa, abin da ya sami na farko ya same shi. Rufin asiri hali ne mai kyau, sai dai in cutarsa za ta faɗa kan wani da bai ji ba bai gani ba.

Ba kowace ƙazanta ce laifi ba

Kafin rubutu, ya kyautu mai gida ya rarrabe abu 3. Na farko shi ne alamar zama: gado ba a gyara ba, kofi 2 ba a wanke ba, ƙura a ƙasa. Gidaje da yawa suna karɓar kuɗin shara da wanki tun kafin baƙo ya shiga. A watan Nuwamba na 2022, Brian Chesky da kansa ya bayyana cewa bai dace a ɗora wa baƙo wankin zannuwan gado ko sharar gida ba, abin da ya dace shi ne ya kashe fitila, ya zubar da ragowar abinci, ya kulle ƙofa. Baƙon da ya yi haka ya cika alkawarinsa.

Na biyu shi ne sakaci: abinci ya ruɓe cikin tukunya, maiƙo a bango, shara warwatse, tabon da ba ya fita a katifa. Wannan yana cin lokaci da kuɗi, ya kamata a faɗe shi.

Na uku shi ne keta doka: shan sigari inda aka hana, shigo da mutanen da ba a yi jinga da su ba, fasa kaya a ɓoye, zagi ko barazana, ko maida gida wurin biki. Wannan na ƙarshe ba abin wasa ba ne. Ran 31 ga Oktoba 2019, an yi harbi wajen wani biki cikin gidan haya a garin Orinda na jihar Kalifoniya, mutum 5 suka rasa rayukansu. Kamfanin ya hana biki cikin gidajensa a watan Agusta na 2020, ya tabbatar da hanin a watan Yuni na 2022. Mai gidan da ya ɓoye irin wannan ya jefa maƙwabtan wani cikin haɗari.

Akwai kuma baƙo mai yawan ƙorafi. In famfo ya lalace ko fanka ba ta juyawa, ƙorafinsa gaskiya ne, gyara ya kamata. Haka nan dokar da mai gida bai rubuta ba tun farko, ba ya kama mutum da ita.

Yadda ake rubutu

Ranar da aka buɗe ƙofa aka ga ɓarna, zuciya na tafasa. Tun da akwai kwana 14, a bari a kwana, a huce. Abin gaggawa shi ne ɗaukar hoto kafin a taɓa komi, da ajiye saƙonnin da aka yi da baƙo. Tun ran 30 ga Afrilu 2024 an hana sa kyamara cikin ɗakunan haya, saboda haka hoton bayan tashi shi ne hujja.

Sa'an nan a rubuta abin da ido ya gani, da ƙidaya in akwai. A faɗi alherin baƙo in ya yi, a taƙaita. Ga misali: "Ya yi kwana 3, yana amsa saƙo da wuri. An yi jinga bisa mutum 2, mutum 6 suka kwana. An sha sigari cikin ɗaki alhali an hana. Gyaran gida ya ci awa 5 maimakon 2. Ba zan sake saukar da shi ba." Wanda ya karanta wannan ya san abin da zai tarar, ya yanke shawara da kansa. Wanda kuwa ya rubuta "ƙazami ne, marar tarbiyya" bai sanar da kowa komi ba sai fushinsa. Ƙaramin kuskure na sabon matafiyi, wanda bai san al'adar wurin ba, saƙon asiri ya ishe shi.

Abin da ba a sawa

Ba a ambaton ƙabilar baƙo, ko addininsa, ko ƙasarsa. A 2015, masu bincike na jami'ar Harvard sun gano cewa a Amurka ana karɓar baƙi masu sunaye irin na baƙar fata ƙasa da na farar fata da kimanin 16 cikin 100. A 2016 kamfanin ya tsananta dokar hana wariya. Laifin mutum ɗaya nasa ne shi kaɗai. Ba a tona rashin lafiyar baƙo, ko inda yake zaune, ko wadda ya zo da ita. Ba a kuma ciniki da shaida, kamar a ce masa "biya, in ba haka ba in ɓata maka suna". Irin wannan rubutu kamfanin yana iya share shi, gaskiyar da ke cikinsa ta tafi tare da shi.

Maganar diyya hanyarta daban. A 2021 aka kafa tsarin AirCover, wanda tun 2022 yake biyan ɓarna har dalar Amurka miliyan 3. Ana kai kuka cikin kwana 14 bayan tashin baƙo, tare da hotuna da takardun sayen kaya. In baƙo ya rama da sukar ƙarya saboda an nemi ya biya, mai gida yana da damar neman a share ta, ko ya amsa a ƙarƙashinta cikin ladabi.

Baƙo raɓa ne, in ji masu iya magana, amma rubutun da aka yi bisa kansa yana nan ƙarƙashin sunan mai gida, matafiya na gaba ma suna karanta shi. Mai yawan zagi zai kori baƙin kirki, mai yabon kowa kuma maganarsa za ta zama ba nauyi. Wanda ya faɗi abin da ya gani, bai ƙara ba bai rage ba, shi ne ƴan'uwansa masu masauki za su yarda da shi ranar da ya ce wane mutumin kirki ne, a buɗe masa ƙofa.