Yadda Ake Farfaɗo da Injin Kwale-kwale da ya Cije

Gabatarwa

Duk wanda ya san kasuwar kifi ta Baga Road a Maiduguri ya san cewa banda da ake saukewa a can daga Tafkin Chadi take fitowa, kuma injin kwale-kwale ne ƙashin bayan wannan sana'a. Ni Babarbare ne, kuma a garejin kawuna na fara jin Hausar makanikai, domin a Baga da Doron Baga Hausa ce harshen ciniki. A wannan maƙala zan bayyana yadda ake tayar da tsohon injin da ya ƙi juyawa, da kalmomin da masu sana'ar ke amfani da su.

Me ke sa inji ya cije?

Yawancin injinan tafkin, kamar Yamaha Enduro, masu bugu biyu ne, wato ba su da tukunyar baƙin mai ta daban. Ana haɗa man inji da fetur a tanki, shi ne ke shafe fistin da ringi da boris. Saboda haka idan aka jingine inji ya daɗe, sai man ya bushe, danshi ya shiga, tsatsa ta liƙe ringi da silinda. Wannan ya sami injina da yawa bayan harin Baga na Janairun 2015, lokacin da masunta suka gudu suka bar kayansu, da kuma ambaliyar madatsar Alau ta Satumbar 2024.

Akwai kuma cijewar zafi, wadda rashin mai ko rashin ruwan sanyaya inji ke jawowa. Ita wannan jiƙo ba ya maganinta, sai an buɗe inji an sauya kaya.

Matakan aiki

Da farko a fitar da giya a juya farfela da hannu. Idan ta ƙi, matsalar tana ƙasa, a giyabos, ba a fistin ba.

Na biyu, a kwance fulogi, a kwantar da injin yadda ramukan za su kalli sama, a zuba kananzir ko gas da aka gauraya da ɗan man inji. A bar shi ya jiƙa kwana uku zuwa mako guda, ana ƙarawa kullum.

Na uku, a kama falayawil da hannu biyu ana girgiza shi gaba da baya a hankali. Nan ne gaggawa ke ɓata aiki: wanda ya sa doguwar sifana ya danna da ƙarfi yana iya karya ringi ko ya lanƙwasa sandar fistin, gyaran da zai fi tsada nesa ba kusa ba. Idan har yanzu ya ƙi, a cire kan silinda, a ɗora guntun itace a kan fistin, a riƙa ƙwanƙwasawa da guduma sannu-sannu.

Na huɗu, idan ya saki, a tsiyaye kananzir, a wanke kafireto, a sauya robar famfon ruwa, sannan a saurari boris. Idan yana gurnani, tsatsa ta ci shi, kuma zai tarwatse a tsakiyar ruwa. Tankin farko a ninka mai: maimakon lita 1 a cikin lita 50 na fetur, a sa lita 1 a cikin 25. Kada a tayar da inji sai ƙafarsa tana cikin durom na ruwa.

Kammalawa

Masunci da injinsa ya tashi ya tsira daga bashin sayen sabo. Mu kuma ɗaliban harshe muna da aiki a nan, domin kalmomi irin su fulogi misalai ne na yadda Hausa ke cusa wasali ta daidaita baƙuwar kalma da tsarin gaɓarta. Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai mu shiga gareji da littafi da biro mu tattara su.