Windows 10 da na'urar POS: ina gaskiya, ina ƙarya?

Tun ƙarshen 2025 wata magana ke yawo tsakanin masu POS da ɗalibai, daga Bakura har Talata Mafara: wai Windows 10 ta mutu, kuma wai mutuwarta za ta tsayar da na'urorin cire kuɗi. Zance biyu ne daban aka cuɗa su wuri guda.

Gaskiya ne kamfanin Microsoft ya rufe tallafin Windows 10 na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba 2025. Amma kwamfutar da ke da ita ba ta daina aiki ba. Ɗalibin kwalejin Abdu Gusau mai kwamfuta 'yar gwanjo zai kunna tasa ya buga aikinsa kamar jiya. Abin da ya ragu shi ne kariya, domin ɓarakar da ɓarayin intanet za su gano nan gaba za ta iya zama a buɗe. Windows 11 kuwa, wadda ta gaje ta, tana buƙatar wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0, wanda tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da shi. Duk da haka kada kowa ya sa ka zubar da taka: manhajar Ubuntu kyauta ce, kuma tana tafiya a kan irinsu.

Na'urar POS ta hannu ba ruwanta da Windows. Masu allon shafawa irin na Moniepoint da OPay da Android suke aiki, tsofaffi masu maɓalli kuma da tasu ƙaramar manhaja. Windows sai a kwamfutar lissafi ta manyan kantuna.

Ga inda ya kamata a kasa kunne. A watan Agusta 2025 Babban Bankin Najeriya ya ba da umarnin cewa na'urorin POS su kasance da Android 10 ko sama, a kuma ɗaure kowace da wurin da aka yi mata rajista, cikin tazarar mita 10. Wannan ya shafi mai ɗaukar na'urarsa daga Bakura zuwa kasuwar Mafara ran Talata. Ya tuntuɓi kamfanin da ya ba shi ita tun kafin ta ƙi aiki jama'a na tsaye a layi.

In kuwa na'ura ta yi ta juyawa ta ƙi fitar da rasit, galibi sabis ne, ba manhaja ba. Lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara a Satumbar 2021, sabuwa da tsohuwa duk tare suka tsaya.