Kada a Rage wa Taya Iska Don Ana Zafi

Sau uku saƙon nan ya shigo wayata cikin mako guda: a zauren WhatsApp na danginmu, a na tsofaffin ɗaliban makarantarmu, sannan wani direba da muke mutunci da shi ya turo mini da kansa, ya ƙara da cewa, “Yallaɓai, a kula.” Bidiyo ne na wani filin tseren motoci a Turai, ga mutane durƙushe suna sace iskar tayoyi, ga wata murya a kai tana bayani da Hausa. Mai muryar ya ce tunda bazara ta kama, kowa ya rage iskar tayarsa kamar yadda ƙwararru suke yi, in ba haka ba za ta yi bindiga. Ya ce a riƙa ɗura naitirojin domin ba ya ɗaukar zafi. Ya ce taya mai harafin Y ta fi kowace daɗewa, kuma tayar Beljiyam ta fi sabuwa ƙwari saboda don Turawa aka yi ta.

Maganar naitirojin ba ta cancanci dogon bayani ba: kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, kuma shi ma yana buɗewa idan ya ji zafi. Harafin da ke gefen taya kuwa gudun da za ta iya ɗauka yake nunawa, H kilomita 210 a awa, V 240, W 270, Y 300, ba ruwansa da tsawon kwananta. Batun rage iska ne ya sa na zauna rubutu, domin shi ne zai iya kashe mutum a cikin makon nan. Wanda ya ɗora murya a kan bidiyon bai tsaya ya tambayi abin da mutanen suke yi ba. Ya ga hoto, ya ƙaga fassara, ya watsa wa masu ɗaukar iyali da fasinja.

Ba robar taya ke ɗauke da mota ba, iskar da ke ciki ce. Idan iskar ta yi kaɗan, gefen tayar zai riƙa lanƙwashewa duk lokacin da ya zo ƙasa, ya miƙe idan ya koma sama. A gudun kilomita 100 a awa, tayar ƙaramar mota tana juyawa wajen sau 14 a daƙiƙa ɗaya, daga Kano zuwa Kaduna fiye da sau dubu ɗari. Duk wanda ya taɓa lanƙwasa waya gaba da baya don ya karya ta ya san yadda take zafi a yatsa kafin ta tsinke. Abin da ke faruwa a cikin taya mai ƙarancin iska ke nan. Zafin da take haifarwa da kanta yana taruwa a kan zafin kwalta, har robar ta fara rabuwa da wayoyin ƙarfen da ke cikinta. Daga nan bayan tayar ya ɓalle, ko gefen ya tsage, motar tana tsakiyar gudu. Wato wanda ya rage iska don tsoron zafi, zafin ya ƙara wa tayarsa. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Gaskiya ne iskar taya tana hawa idan ta ji zafi, kusan psi ɗaya a kan kowane digiri biyar zuwa shida na ma'aunin Salsiyos, kuma tafiya tana ƙara wasu. Masu ƙera taya sun san da haka, sun sa shi cikin lissafi. Shi ya sa adadin da aka rubuta a 'yar takardar da ke manne a jikin ƙofar direba na taya mai sanyi ne, wadda ta huta aƙalla awa uku. A ce motarka 32 take so, ka cika da safe. Ka kama hanya, da azahar ka tsaya wurin mai faci a Zariya, geji ya nuna 38. Ya ce, “Alhaji, ta yi yawa,” ya sace ta zuwa 30. Da asuba, bayan ta huce, 24 za ka tarar. An zaftare mata kashi ɗaya cikin huɗu, kuma da ido ba lalle ka gane ba, domin tayoyin zamani ba sa nuna sacewa da wuri.

Wannan kashi ɗaya cikin huɗun yana da tarihi. A watan Agustan 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 a Amurka, galibinsu a kan motocin Ford Explorer, saboda bayansu yana ɓallewa ana cikin gudu. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasar ta danganta mutuwar mutum 271 da su. Kamfanonin biyu sun yi ta ɗora wa juna laifi, kuma adalci shi ne a ce ba iska kaɗai ba ce, akwai aibi a ƙirar tayar da kuma aikin wata masana'anta a jihar Ilinoi. Sai dai iska tana tsakiyar rigimar, domin Ford 26 ya ce a sa, Firestone kuma ya ce 30 ya kamata. Abin lura gare mu shi ne inda matsalar ta fi tsanani: jihohin kudancin Amurka masu zafi, da Benezuwela, da Saudiyya, inda tun 1999 aka fara canza tayoyin. Bayan haka aka yi doka, daga Satumban 2007 kowace sabuwar ƙaramar mota a Amurka sai ta zo da fitilar da ke gargaɗi idan iska ta sauka da kashi 25 cikin ɗari. Fitilar nan mai kama da kofaton doki da ke kunne a motocin tokumbo, wadda wasu ke rufewa da salatif, aikinta ke nan.

To me mutanen cikin bidiyon suke yi? A ƙasashen da ake da irin waɗannan filaye, kamar Nurburgirin a Jamus ko Silbaston a Ingila, akwai ranakun da mutum zai shiga da motar da yake zuwa aiki da ita ya yi 'yan zagaye. Birki mai ƙarfi da shan kwana da gudu suna dafa taya fiye da duk abin da titin gari zai yi mata, iska ta yi tsalle cikin 'yan mintoci. Sai su fito su auna da geji, su rage ta zuwa adadin da suke so tayar ta kasance a kai tana da zafi. Kafin su kama hanyar gida kuma su mayar da iskar. Wannan ƙarshen ne ba a nuna mana ba. Ko a can ma, rage iska fiye da kima ya sha jawo masifa. A tseren Fomula Wan na Baku a Yunin 2021, tayar baya ta hagu ta fashe wa direba Max Verstappen yana kan gaba, a gudun da ya kai kilomita 300 a awa, bayan irin haka ta faru da Lance Stroll. Kamfanin Pirelli da ya ƙera tayoyin ya ce suna tafiya da iskar da ba ta kai yadda ya zata ba, aka kuma tsaurara binciken iska daga tsere na gaba.

Ban ga laifin direban da ya turo mini saƙon ba. Ya sha ganin ɓallin taya zube a bakin hanya cikin watan Afrilu, kuma hankali zai fi saurin yarda cewa abu mai iska cika ce ke fasa shi. Akwai ma gaskiya a gefen tsoron nasa. Masu faci da yawa gejinsu ya daɗe da lalacewa, wasu da bugun ƙarfe suke auna taya, wasu kuma adadin da ke jikin tayar suke bi, 44 ko 51, alhali wannan iyakar abin da za ta iya ɗauka ne. Taya mai iska fiye da kima tana cinyewa a tsakiya, tana rage riƙon ƙasa, kuma rami ya fi yi mata illa. Maganin wannan shi ne a koma ga adadin jikin ƙofa, da safe. Haka nan direbobin da ke ratsa rairayi a yankin Agadas suna rage iska don kada mota ta kafe, kuma daidai suke yi, domin a hankali ake tafiya a rairayi, kuma ana cikawa idan an hau kwalta.

Wani ƙanina da ya sayi mota mai ƙarfin inji ya tambaya a zauren danginmu ko ya sa irin tayar da ke cikin bidiyon. Irin wannan taya ta lokacin zafi mai riƙon ƙasa ta dace da yanayinmu, domin rauninta sanyi ne, robarta tana taurarewa ƙasa da digiri 7, abin da ba kasafai muke gani ba ko a hunturu. Amma ita ma hawa-hawa ce. Irin Michelin Pilot Sport 4S an yi ta don titi, tana jure zuwa fili jefi-jefi, kuma tana da zanen da ke korar ruwa. Irin Pilot Sport Cup 2 kuwa ta karkata ga fili: zanenta kaɗan ne, tana saurin cinyewa, kuma idan ruwa ya kwanta a kan titi tana iya tashi a kansa, sitiyari ya daina ji. Wanda kwanakinsa na zuwa aiki suka ninka na wasa sau ɗari, ta farkon ya kamata ya saya. Na kuma gaya masa ya tuna da ramukan hanyoyinmu, domin taya mai siririn gefe ba ta da wurin shanye duka, sai ta yi kumburi ko rim ya lotse.

Saura tayar Beljiyam. Na san tsadar sabuwa ce ke kai mutane gare ta, amma a duba abu biyu kafin a biya. Na farko, lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 na 2019. A kan yaushe taya take tsufa babu adadi ɗaya da kowa ya yarda da shi. Hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya shekara huɗu take faɗa, kamfanonin mota da dama shida, Michelin kuma ya ce a riƙa duba ta duk shekara bayan ta biyar, kada ta wuce goma. Abin da babu saɓani a kai shi ne zafi yana gaggauta tsufan roba. Na biyu, idan ka ga hoton dutse mai kawuna uku da alamar dusar ƙanƙara a cikinsa, galibi tayar hunturun Turai ce. Robarta mai taushi an haɗa ta don sanyi, a kan kwaltar Sakkwato ko Maiduguri za ta cinye da wuri, birki kuma ya ƙara nisa kafin mota ta tsaya. Zanenta mai zurfi ne ke sa ta yi kyau a ido a kasuwa, shi ya sa ake yawan ɗaukar ta a matsayin wadda ba ta sha aiki ba.